BABI NA UKU: ZAƁEN ANOD A MASANA'ANTU DA ALAƘARSA DA SANA'O'IN ƘASAR DUTSIN-MA DA KURFI

3.0 GABATARWA

Dutsin-Ma da Kurfi garuruwa ne maƙwabtan juna a tsakiyar Jihar Katsina, a kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi kudu. Dutsin-Ma ita ce mazaunin Yandakan Katsina, Kurfi kuwa mazaunin Maradin Katsina. Mafi yawan jama'ar wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Duk da cewa manyan masana'antu suna nesa da su, da wuya a shiga gida ko shago a rasa wani abu da aka sarrafa ta hanyar tura wutar lantarki cikin ruwan sinadari. Alal misali akwai tukunyar alminiyam da batirin mota ko na sola da ƙarfen babur mai ƙyalli, har ma da maganin da ake zuba wa ruwan famfo.

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana wani ɓangare guda na wannan aiki, wato sandar da ake kira anod, da dalilan da kan sa a zaɓi wani abu a bar wani wajen yin ta. Za a nuna cewa tambaya ta farko da mai zaɓe zai amsa ita ce: shin ana son sandar ta cinye a cikin aikin, ko kuwa ana son ta jure? Daga amsar wannan tambaya ne sauran sharuɗɗa suke biyo baya.

3.1 MA'ANAR ANOD

Idan aka sami mazubi aka zuba ruwan da aka narkar da gishiri ko asid a cikinsa, aka tsoma sanduna biyu ba tare da sun taɓa juna ba, sa'annan aka haɗa su da batir, to wuta za ta ratsa ruwan ta rarrabe sinadaran da ke ciki. Sandar da aka haɗa da jar waya, wato kan da masu caji ke kira fozitib, ita ce anod. Wadda aka haɗa da baƙar waya kuwa ita ce katod. Wani Bature masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila mai suna Michael Faraday ne ya fito da waɗannan sunaye a shekarar 1834, bisa shawarar William Whewell, kuma daga harshen Girkanci aka samo su. A wannan aiki an aro kalmomin ne aka daidaita su da tsarin furucin Hausa.

Abin da ya bambanta sandunan biyu shi ne, a wajen anod ake ƙwace wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron daga jikin sinadari, a wajen katod kuma ake mayar da su. Ƙwace ilektiron daga jikin ƙarfe shi ne ainihin abin da ke faruwa idan ƙarfe ya yi tsatsa. Ke nan anod tana zaune ne a wurin da lalacewa ta fi ƙarfi. Abu ɗaya daga cikin uku kan faru da ita. Ko dai ƙarfenta ya narke ya shiga ruwan, ko ta tsaya da ƙafarta a ƙwace ilektiron daga abin da ke cikin ruwan har iska ta riƙa tashi daga jikinta, ko kuwa ta yi wata fata siririya wadda ke toshe wuta, aiki ya tsaya cik.

Ana iya ganin wannan da ido a ɗakin gwaji na kowace makarantar sakandare. Idan aka sa jan ƙarfe a matsayin anod cikin ruwan gishiri, ba a jimawa ruwan zai canza launi saboda ƙarfen yana narkewa. Idan kuwa aka cire shi aka sa baƙar sandar nan da ke tsakiyar batirin tocila, wadda da kabon aka yi ta, sai a ga kumfa na tashi tare da wari irin na bilic. Ruwa bai canza ba, batir bai canza ba, amma sauya sanda ya sauya abin da aka samu.

3.2 SHARUƊƊAN ZAƁEN ANOD

Bayan an tantance ko sandar za ta cinye ko za ta jure, akwai abubuwa biyar da ake la'akari da su.

Na farko shi ne irin ruwan da za a tsoma ta a ciki. Abin da ya jure wa wani asid yana iya narkewa a ruwan gishiri. Na biyu shi ne zafin wurin aiki, domin wasu ayyukan a ruwa mai ɗumi ake yin su, wasu kuwa a zafin da ya kusa digiri 1,000. Na uku shi ne yawan wutar da sandar ke jawo a sha. Kowace sanda tana buƙatar a ƙara ƙarfin wuta kaɗan fiye da abin da lissafi ya nuna kafin aiki ya tafi, kuma wannan ƙarin zafi kawai yake zama, ga shi kuɗi ne ake biya dare da rana. Na huɗu shi ne tsabtar abin da ake son samu, saboda duk abin da ya ɓalle daga jikin anod yana iya gurɓata shi. Na biyar shi ne tsada da lafiyar ma'aikata. Zinariya da filatinam suna da juriya ƙwarai, to amma babu kamfanin da zai iya cika masana'anta da su.

3.3 IRE-IREN ANOD

Bisa ga waɗannan sharuɗɗa ana iya karkasa anod gida huɗu kamar haka.

3.3.1 Anod Mai Narkewa

Wannan ita ce wadda narkewarta ake nema, domin ƙarfen da ya bar jikinta shi ne zai je ya manne a katod. Babban misali shi ne tace jan ƙarfe. Ana zuba ɗanyen jan ƙarfe a yi faffaɗan allo da shi a sa shi a matsayin anod. Yayin da wuta ke ratsawa, sai ya riƙa narkewa yana taruwa a katod da tsabtar da ta kai kashi 99.99 cikin 100. Dattin da ya ƙi narkewa yakan kwanta a ƙasan mazubi, kuma daga cikinsa ake tsamo azurfa da zinariya. James Elkington ne ya yi rajistar wannan hanya a Ingila a shekarar 1865. Irin wannan tataccen jan ƙarfe shi ne a cikin wayoyin wuta da masu gyaran injin ban-ruwa da fanka suke naɗi da su, domin datti ko da kaɗan ne yana rage gudun wuta a cikin waya.

Haka kuma wannan hanya ce ake bi wajen yi wa ƙarfe rufi da wani ƙarfen, kamar rufin azurfa ko na nikel. Maƙeran fari na ƙasar Hausa sun daɗe suna sarrafa azurfa da tagulla da wuta da guduma, amma sarƙoƙi da 'yan kunne masu araha da ake kawowa kasuwa yanzu, mafi yawansu rufi aka yi masu da lantarki. Lissafin aikin a bayyane yake: wuta mai ƙarfin amfiya 1 idan ta yi awa 1 tana ratsawa, za ta kwashe kimanin giram 1.2 na jan ƙarfe daga anod zuwa katod. Sharaɗin zaɓe a nan shi ne tsabta da kuma narkewa bai-ɗaya, don kada sandar ta riƙa ɓarɓashi yana ɓata fuskar kaya.

3.3.2 Anod Mai Ƙonewa

Tukunyar alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, ta maye gurbin tukunyar ƙasa a yawancin gidajen Dutsin-Ma da Kurfi. Masu zubin tukwane suna narkar da tsofaffin kayan alminiyam ne su zuba a cikin rairayin da aka yi wa siffar tukunya, kuma wannan mai yiwuwa ne da wutar gawayi saboda ƙarfen yana narkewa a digiri 660. To amma asalin fitar da shi daga cikin ƙasar da ake haƙowa sai da lantarki. A shekarar 1886 ne Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano hanyar, kowa a nasa ɓangaren, kuma har yau ita ake bi.

Ana narkar da farin garin da ake kira alumina a cikin wani narkakken gishiri mai suna kirayolait a zafin kimanin digiri 960. A irin wannan wuri kusan kowane ƙarfe da aka sa a matsayin anod zai narke ya gurɓata alminiyam ɗin. Saboda haka sai aka koma ga kabon, wanda ake haɗawa daga ragowar tatar man fetur da kwalta, a gasa shi ya zama manyan tubala. Kabon yana wuce da wuta, yana jure zafi, ga shi da araha. Illarsa ita ce iskar oksijin da ke fita daga alumina tana haɗuwa da shi ya riƙa ƙonewa a hankali. A lissafi ana buƙatar kilo 333 na kabon domin samar da tan 1 na alminiyam, amma a aikace yakan kai kilo 400 ko fiye, kuma kowane tubali sai an canza shi bayan mako 3 zuwa 4. Wutar da ake sha kuwa ta kai kimanin yunit 14 a kowane kilo. Wato tukunya mai nauyin kilo 2 ta ci kusan giram 800 na kabon da yunit 28 na wuta tun a lokacin da aka fara fitar da ƙarfenta. Sake narkar da tsohon alminiyam kuwa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan makamashi, wanda ya nuna muhimmancin sana'ar masu zubi da masu tara tsofaffin ƙarafa.

A Nijeriya an gina irin wannan masana'anta, wato ALSCON, a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, sa'annan kamfanin RUSAL na ƙasar Rasha ya sayi mafi yawan hannun jarinta a 2007. Saboda hayaƙin da ƙonewar kabon ke fitarwa, kamfanonin Alcoa da Rio Tinto sun haɗa gwiwa a 2018 suka kafa Elysis a ƙasar Kanada da nufin samar da anod da ba ta ƙonewa, wadda oksijin kawai za ta riƙa fitarwa.

3.3.3 Anod Mai Juriya

A kudu da garin Dutsin-Ma akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, aka kuma buɗe aikin samar da ruwan sha daga gare ta a 2021. Ma'aikatun tace ruwa irin wannan sun dogara ne da sinadarin kulorin wajen kashe ƙwayoyin cututtuka kamar na kwalara da taifot. Shi kuma kulorin daga ruwan gishiri ake fitar da shi da lantarki, kuma a jikin anod yake tashi. A katod kuma ake samun sodar da mata masu haɗa sabulu suke saye.

Kulorin mai ɗanshi yana cin kusan kowane ƙarfe. Don haka shekaru da yawa da girafait ake yin sandar, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Sai dai shi ma yana goguwa a hankali, tazarar da ke tsakanin sandunan biyu ta riƙa ƙaruwa, wutar da ake sha ta ƙaru, ga ɓarɓashinsa yana toshe kayan aiki. Ƙarfen titaniyam kuwa kulorin mai ɗanshi ba ya cin sa, amma shi kaɗai ba ya aiki, domin da zarar an sa masa wuta sai ya yi fatar nan mai toshewa da aka ambata a baya. A shekarun 1960 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Henri Beer ya gano cewa idan aka shafa wa titaniyam wani siririn rufi mai ɗauke da sinadarin ruteniyam aka gasa, to wuta za ta wuce, sandar kuma ba za ta rage girma ba. Kamfanin De Nora na ƙasar Italiya ne ya yaɗa ta a duniya. A nan an raba aiki biyu: titaniyam ya ɗauki nauyi da juriya, rufin mai tsada kuma ya yi aikin fitar da kulorin. Rufin yakan yi shekaru, in ya ƙare a sake shafa wani a kan tsohon ƙarfen. Irin wannan sanda ce a cikin ƙananan na'urorin da ake haɗa ruwan kulorin da su daga gishirin miya da wutar sola domin asibitocin karkara.

Misali na biyu, wanda ya fi kusa da jama'a, shi ne dalma. A cikin asid irin na batir, dalma takan yi wata fata mai launin ƙasa-ƙasa wadda ke kare ta, kuma ba ta hana wuta wucewa. Wannan ya sa masana'antun fitar da tutiya suke amfani da dalma da aka garwaya da azurfa kaɗan, haka ma masu yi wa ƙarfen babur da na mota rufin kuromiyam mai ƙyalli da dalma suke yin anod. Batirin mota da Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a Faransa a 1859 a kan wannan hali na dalma aka gina shi. A duk lokacin da mai caji ya ɗaura jar waya, farantan da ke wannan ɓangare suna aikin anod ne, kuma ragar dalmar da ke riƙe da su tana cinyewa kaɗan-kaɗan. Ana garwaya dalmar da antimoni don ta yi ƙarfi, to amma antimoni yana sa ruwan batir saurin ƙarewa, shi ya sa ake yi wa irin wannan batir ƙarin ruwa. Wanda aka garwaya da kalsiyam kuwa ba ya shan ruwa sosai, kuma shi ne ake sayarwa a rufe.

3.3.4 Anod ta Fansa

Kashi na huɗu ba ya buƙatar batir. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a wuri mai danshi, ɗayansu zai zama anod da kansa ya riƙa cinyewa, ɗayan ya tsira. Humphry Davy ya yi amfani da wannan hikima a 1824 wajen kare jan ƙarfen da ke jikin jiragen ruwan Ingila. Kwanon rufi da bokitin ƙarfe baƙin ƙarfe ne aka rufe da tutiya. Ko da ƙusa ta huda kwano, tutiyar da ke kewaye da hudar ita za ta cinye ta fanshi ƙarfen, sai ta ƙare tukuna tsatsa ta bayyana. Gwangwanin madara kuwa da ƙarfen kuza aka rufe shi, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Jos. Idan ya karce ya zauna a waje, baƙin ƙarfen ne ke zama anod, don haka yake saurin yin tsatsa. Manyan bututun mai da na gas da ake binnewa a ƙasa su ma ana haɗa su da dunƙulen magnisiyam ko tutiya, ko a tura masu wuta ta wata sanda mai juriya.

3.4 ILLAR KUSKUREN ZAƁE

Hausawa kan ce, rigakafi ya fi magani. Kuskure a wannan fage yana jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta lafiya. Alal misali, wanda ya yi wa batir ƙari da ruwan rijiya maimakon tataccen ruwa, ya shigar da gishirin da ke karya fatar da ke kare dalma, batirin zai mutu da wuri. Yawan caji fiye da kima yana tsarga ruwan ya zama oksijin da haidirojin, waɗanda tartsatsi kaɗan ya isa ya sa su fashe, kuma yana gaggauta cinyewar raga. Zafi ma haka, domin ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwar batir. Ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan kai digiri 40. Saboda haka ajiye batirin sola a ɗaki mai iska da inuwa ba ƙaramin tattali ba ne.

Har ila yau, ƙarfen nan marar tsatsa da ake yin cokula da shi yana ruɗin mutane su ɗauka zai dace da zama anod a kowane ruwa. A ruwan gishiri hudojewa yake yi, ya saki wani nau'in kuromiyam mai guba wanda ke sa ruwan ya yi rawaya. Ruwan da aka samu ta wannan hanya bai kamata a sa shi a ruwan sha ba, ko a zubar da shi kusa da rijiya.

Ita kuwa dalma, juriyarta a cikin asid ba ta kawar da gubarta ba. Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya isa darasi, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Dalmar da ke cikin mataccen batir ita ce dai wannan. Fasa batir a cikin gida, ko narkar da farantansa inda yara ke wasa, ko barin gutsurensa ya shiga cikin kayan da za a zuba tukunyar abinci, duk hanyoyi ne na kai gubar jikin mutane.

3.5 NAƊEWA

A wannan babi an bayyana ma'anar anod, an kawo sharuɗɗa biyar na zaɓenta, sa'annan aka karkasa ta gida huɗu tare da misalan da suka shafi rayuwar jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi. An ga cewa jan ƙarfe an zaɓe shi ne don ya narke, kabon don ya ƙone ba tare da gurɓata alminiyam ba, titaniyam da dalma don su jure, tutiya kuma don ta fanshi baƙin ƙarfe. Kowanne daga cikinsu idan aka kai shi wurin ɗan'uwansa ba lalle ne ya yi aiki ba, domin ruwan da za a tsoma sanda da zafinsa su ne ke yanke hukunci. Mai cajin batir da mai zubin tukwane da mai rufin kwano sun san yawancin waɗannan halaye ta hanyar aiki da gogewa. Abin da ya rage shi ne a samar da bayanin dalilansu cikin harshen Hausa, musamman abin da ya shafi gubar dalma, ta yadda mai koyon sana'a zai fahimci abin da hannunsa ke taɓawa. Babi na gaba zai duba kalmomin da masu waɗannan sana'o'i suke amfani da su, da yadda aka aro su ko aka ƙirƙire su.